Rabin Magani

A ginin da muke haya a unguwar Faisal, a birnin Alƙahira, akwai wani rami da ya ratsa tsakiyarsa tun daga ƙasa har sama. Masarawa suna ce masa manwar, kuma tagar ɗakin girkin kowane gida a cikinsa take buɗewa. An ce don haske da iska aka yi shi. Ni dai ban taɓa ganin ya shigo da ɗaya daga cikinsu ba. Abin da yake shigowa da shi shi ne sauti. Ta nan nake jin ƙarar tukwane, da faɗan uwa da 'ya'yanta, da tarin mutanen ginin hawa bayan hawa. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina magatakarda a wani asibitin masu ciwon ƙirji a Sudan kafin yaƙi ya koro mu, saboda haka tari ba ya wuce kunnena kamar yadda yake wuce na sauran mutane. Na san na mashayin taba, na san na wanda sanyi ya kama, na san busasshen nan mai fito a ƙarshensa, wanda ke nuna hanyar numfashi ta tsuke. Tari biyu a ginin nan sun shafe ni: na matata, Hajiya, da na ƙawarta da ke hawan da ke samanmu. Su ne suka sa na ɗauki alƙalami, ko da yake tushen maganar ya faro tun ina saurayi.

A garin da aka haife ni a Sudan, a bakin kogi, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Makka har suka kasa tashi, tari yana da lokacinsa kamar yadda shuka da girbi suke da nasu. Idan aka gama cirar auduga, sanyin kogi ya fara shigowa ta ƙarƙashin zana, sai ka ji gari ya ɗauka. A lokacin ne Inna takan sauko da ƙwaryar bagaruwa daga ragaya. Ta zuba kaɗan a kan garwashi, ta lulluɓe mu da zane mu shaƙi hayaƙin har idanunmu su yi ja, sannan ta ba kowa ɓari ya tsotsa, ɗacinsa ya kai har cikin kunne. Aikina shi ne dakan citta da kanumfari da masoro a ƙaramin turmi, aikin ƙanwata tatar kunu, Inna kuwa ita ke narka man shanu da zuma a ludayi ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na rufe ido ina jin amon wancan turmin, siriri, ba kamar na dakan dawa ba, yana amsa wa guduma daga maƙerar da ke bayan gidanmu. Kakarmu takan ce tari baƙo ne: in ya kwana uku ka ba shi kunu, in ya kwana arba'in ka tambaye shi wanda ya aiko shi.

Ba zan ce wancan zamanin ya fi wannan lafiya ba. Ni mai riƙon littafi ne, ba na ƙara wa jiya gishiri. An mutu da cututtukan da a yau ƙwaya goma ke warkarwa. Amma akwai abin da muke da shi wanda ban sake gani ba tun da muka bar garin: ba a san mutum ya ci abu shi kaɗai ba. Ƙwaryar bagaruwar Inna takan zagaya gida bakwai kafin ta dawo. Idan aka dafa wa mara lafiya romo, maƙwabcin da ya leƙo dubiya sai ya kurɓa. Babana kuwa, tsawon sanina da shi, bai taɓa kai goro baki ɗungurungum ba. Zai ɓare shi biyu, ya waiga, in bai ga kowa ba ya mayar da ɓari ɗaya aljihu har sai mai rabo ya zo. A nan Alƙahira mun shekara biyu da wani mutum ƙofa da ƙofa, abin da na sani game da shi shi ne yawan makullan ƙofarsa. Na daɗe ina jin haushin wannan zaman, ina yabon namu. Yanzu ban san wanne zan yaba ba.

Shekarar da na shiga sha bakwai, ina makarantar gwamnati a babban gari, tarin Baba ya wuce kwana arba'in ɗin Kaka. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, ranar da Inna ta ga jini a ƙyallensa kuwa aka aika mini. Baba Larabcin kasuwa kawai yake ji, saboda haka ni na zama tafintansa a asibiti. Malamin asibitin, wani dattijo mai furfura a gira, ya ce tarin fuka ne, kuma yana warkewa. Za a yi masa allura wata biyu, daga nan ya riƙa shan ƙwayoyi kullum har fiye da shekara, a riƙa ba shi na wata-wata. Ya ce ko ya ji ya warke sarai kada ya tsallake rana, kada kuma ya rage komai, domin cutar nan in aka ba ta rabin magani ba mutuwa take yi ba, sabawa take yi. Ya sa na maimaita masa maganar sau biyu da Larabci, sannan na faɗa wa Baba da Hausa a gabansa. Daga nan ya buɗe wani babban littafi mai baƙin bango ya rubuta sunan mahaifina. Ran nan na fara ganin irin littafin da zan ƙare rayuwata a kansa.

Mai maƙerar bayan gidanmu, wanda muke kira Kawu Maƙeri, aminin Baba ne tun ranar da aka yi musu kaciya tare. Shi ma tarin nan ne a ƙirjinsa, kowa a unguwa ya sani, amma ya rantse ba zai taka asibiti ba. Yana da 'yan mata uku a gida, ya ce ranar da aka ji sunansa ya shiga littafin masu tarin fuka ba mai sake shan ruwa a modarsa. Kuma akwai tsohon tsoron mutanenmu, waɗanda da yawansu ba su da takardar zama ɗan ƙasa: duk wanda hukuma ta rubuta, ta san inda za ta same shi. Bayan an gama allurai Baba ya fara murmurewa, wata Juma'a da aka sauko masallaci ya kira ni gindin bishiyar bedi da ke ƙofar gida. Ya zazzage ƙwayoyin watan a kan faifan Inna, ya miƙo mini reza.

"Kai ne mai ilimi, hannunka ba ya rawa. Raba su."

Na sunkuyar da kai na tuna masa abin da malamin asibiti ya faɗa, kalma da kalma, kamar yadda na fassara masa. Bai yi fushi ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta sama, ya nuna mini layin da ya ratsa tsakiyarta da ƙumbarsa.

"Wannan tsagar fa, wa aka yi wa? Goro ma da tsagarsa Allah ya halicce shi. Wanda ya yi ƙwayar nan ya san akwai maƙwabci. Ni in sha in tashi, mutumin nan yana tari a bayan katangata? Da wane ido zan dube shi?"

Na san kuskure ne. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Hajiya. Ba jahilci ya sa ni ba, domin ni ne kaɗai a gidan nan da ya fahimci maganar malamin. Kunya ce ta sa ni, da rashin sanin yadda ɗa zai ce wa mahaifinsa a'a. Na ɗora reza a kan tsagar na danna, ƙwayar ta rabe da wani ɗan sauti kamar an taka busasshen kara. Na raba su duka, wata bayan wata, kuma Allah ya sani har alfahari na riƙa yi da yadda ɓari ba ya fin ɓari. Da farko su biyun suka samu sauƙi. Guduma ta dawo maƙera, unguwa ta yi ta yabon Baba, liman ma ya kawo shi misali a wa'azi ba tare da ambaton suna ba. Kafin shekara ta zagayo tarin ya dawo musu, kuma wannan karon maganin ya zama kamar ana zuba ruwa a rairayi. Malamin asibiti ya buɗe littafinsa ya ga Baba bai taɓa fashin karɓa ba ko sau ɗaya. Ya dube ni ta ƙarƙashin girarsa ya tambaye ni ko yana sha yadda aka ce. Na ce yana sha. Kawu Maƙeri ya rasu kafin ruwan farko, Baba ya bi shi bayan girbi.

Abin da ya kai ni aikin asibitin ƙirji ke nan, kuma shi ya sa na zama irin ma'aikacin da na zama. Ban taɓa sa wa mutum alama a littafi don ya karɓi magani ba. Sai na ga ya haɗiye, ya buɗe baki, ya ɗaga harshe. Dattawa sa'annin ubana na sa su yin haka. An zage ni, an kai ƙarata, mata a layi suka laƙaba mini Malam Buɗe-Baki har sunan ya bi ni kasuwa. Ban damu ba. Littattafaina sun cika kabad biyu na ƙarfe, ba gogewa, ba tsallake, kowane suna da ranar da ya fara da ranar da ya gama. Da muka gudo na bar su a kulle, na zo da makullin a aljihu kamar wanda zai koma jibi. Daga baya wani da ya biyo bayanmu ya ce mini an fasa kabad ɗin, ya ga ana hura wutar shayi da takardun. Makullin yana nan.

Hajiya ba tarin fuka ne da ita ba. Shekara arba'in na hayaƙin itace da gawayi ne suka cinye mata huhu a hankali, hayaƙin motocin Faisal ya zo ya ƙarasa. Wani ƙaramin asibitin taimako da ke duba masu katin gudun hijira ya ba ta maganin shaƙa iri biyu, irin wanda a nan ake kira bakhakha. Shuɗin na lokacin da numfashi ya sarƙe ne. Mai ruwan ƙasa kuwa shi ne jigo: shaƙa biyu da safe, biyu da magariba, kullum, ko ana jin daɗi ko ba a ji, kuma guda ɗaya ake bayarwa a wata. A jikinsa akwai wata 'yar taga mai lamba da ke raguwa da kowace shaƙa. Da na ga wannan lambar sai na ji kamar an mayar mini da aikina. Na samo littafin 'yan makaranta na ja layuka, safe da yamma ina rubuta abin da tagar ta nuna. Likita ya ce a kurkure baki bayan an shaƙa, Hajiya kuwa tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa cin abinci ko kurkure baki a gabana ba. Saboda haka takan shiga ɗakin girki da shi, ta ja ƙofa, jim kaɗan ta fito ta miƙo mini in karanta. Lambar ba ta taɓa saɓawa ba. Ni da na sa dattawan gari ɗaga harshe, ban taɓa tunanin tura ƙofar nan ba.

Ƙawarta ta iso bayanmu da wata takwas, ta hanyar sahara, a bayan mota, ita da surukarta. Tun suna 'yan mata suka ƙulla ƙawance, irin na da, wanda ake yi da goro da shaidu. Ita ta riƙe wa Hajiya hannu ranar lallenta. 'Ya'yanta maza biyu ba a san inda suke ba. Ƙurar hanya ta tayar mata da asmar da ta daɗe da kwantawa, katinta kuma bai fito ba, an ba ta ranar zuwa rajista can gaba da nisa. Hajiya ce ta matsa har aka samo musu ɗaki a samanmu. Matakalar ginin ta fi ƙarfin su biyun, sai suka koyi dabarar matan Alƙahira: kwando a bakin igiya. Ƙawa takan zuro shi ta manwar ya ƙwanƙwasa tagar ɗakin girkinmu, Hajiya ta sa abin da za ta sa, a ja. Kullum, safe ko magariba, ina zaune da littafina ina jin gogar kwandon a jikin bango, yana hawa, yana saukowa. Na ɗauka kuka ce da daddawa. Har tsokanarsu na taɓa yi, na ce igiyar nan ta fi wayar salula aiki.

A kakar bara, lokacin da hayaƙin ƙona karan shinkafa daga ƙauyuka yake taruwa ya zauna a kan birni, numfashin Hajiya ya sarƙe wata rana da la'asar. Shuɗin bai yi komai ba. Leɓunanta suka canza launi a cikin tasi, a cunkoson hanya, direban yana ta danna ham yana cewa in yi salati. A asibitin ƙirji da ke wajen unguwar Abbasiya aka sa mata iskar oksijin. Likitar, wata yarinya sa'ar jikata, ta tambaye ni ko Hajiya tana shaƙar mai ruwan ƙasa yadda aka ce. Na nemi maganin a jaka ban gan shi ba, amma littafin yana aljihuna. Na buɗe mata shi shafi-shafi, da irin tsayuwar da nake yi a gaban manyan likitoci a da. Ta duba da ladabi, ta mayar mini.

"Tamam, ya Hajj. Littafinka ba shi da aibi. Amma ƙirjin da na saurara bai yi kama da na mai shaƙa huɗu a rana ba."

Na ji haushinta ƙwarai. Na ce mata na fara riƙe littafin marasa lafiya tun kafin a haife ta. Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta wuce gado na gaba.

Washegari da hantsi na koma gida ɗauko wa Hajiya kaya. Ina cikin ɗakin girki ina neman kofinta sai na ji ƙwanƙwasa a taga. Kwandon ne. A cikinsa akwai wani abu naɗe a hankici, na warware, sai ga mai ruwan ƙasa. Na duba 'yar tagar: ta ragu da biyu daga abin da na rubuta jiya da safe. Daga sama na ji tarin nan mai fito a ƙarshensa, ana ƙoƙarin danne shi da mayafi. Tarin Ƙawa ne. Na daɗe a tsaye da hankicin a hannu, ina jin amon rezar nan a kan faifan Inna.

Da na ajiye shi a gefen gadonta a asibiti, Hajiya ba ta yi musu ba. Ta ɗaga abin da ke rufe da hancinta ta ce tun watan da Ƙawa ta iso suke yin haka: na safe nata, na magariba na Ƙawa, wani lokaci su sauya. Jiya ma ta riga ta aika mata da shi kafin numfashinta ya sarƙe. Na tambaye ta ko ta manta labarin Baba, wanda ita kaɗai na ba a duniya. Na ce ta mayar da littafina ƙarya, ta mayar da ni maƙaryaci a gaban yarinya ƙarama. Ta bari na gama.

"Malam, kai littafinka ka ji wa ciwo. Ni ina kwance ina jin ta ta saman kaina tana neman iska kamar kifi a tudu. Ban manta labarin Baba ba. Kullum ka ba ni shi, kai rezar kake gani. Ni kuwa ina ganin mutumin da ya kasa haɗiye abu amininsa yana tari."

Na ce ai su biyun suka mutu.

"Na sani. To, wa ka zaɓa a cikinmu?"



Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Na koma asibitin taimako da rubutacciyar takarda, na yi bayani dalla-dalla. Suka saurare ni da mutunci, suka ce ƙa'ida ita ce kati ɗaya, magani ɗaya, kuma ni da na yi aikin littafi ai na san ƙa'ida. Na san ta, ni ma da ita na kori mutane. Na bi shagunan magani tun daga bakin titinmu har inda ƙananan motocin haya, mikrobas, ke juyawa. Wasu suka ce ya yanke a kasuwa, inda na same shi kuwa ya fi ƙarfin abin da muke rayuwa a kai. Na roƙi Ƙawa ta bari in kai ta asibitin gwamnati, ta aiko surukarta ta ce mini ba za ta je inda za a rubuta sunanta ba alhali ba ta da takarda. Maganar Kawu Maƙeri ce sak, bayan shekara hamsin, a wata ƙasa. Wannan ne abin da ke ƙona mini rai. A zamanin Baba an raba magani don ba a sani ba, kuma akwai gari guda da ya ɗauki gawa. Yau an sani, maganin ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, yana nan a bayan gilashi ina ganinsa da idona, amma tsofaffi biyu suna jan numfashi ɗaya da igiya. Ko bagaruwar da za a ce a rarrashi zuciya da ita, likita ta hana. Ta ce hayaƙi kowane iri guba ne gare su.

An sallamo Hajiya da tulun oksijin a gefen gado. Likitar ta gaya mini a keɓe cewa abin da ya lalace a huhu ba ya dawowa, abin da ya rage kawai ake tattali, kuma tattalinsa shi ne shaƙa huɗu cif. Hajiya ba ta iya takawa zuwa ɗakin girki yanzu. A gabana take shaƙa, a gabana take kurkure baki a tasa, tana kawar da fuska don kunya. Kwana uku na farko na tsaya a kanta ta yi huɗu, kwandon bai sauko ba, tarin sama kuwa ya riƙa tsananta har na daina shiga ɗakin girki. A rana ta huɗu da safe, bayan ta shaƙi nata biyu, muka ji ƙwanƙwasa a taga, a hankali, sau ɗaya. Hajiya ta riƙe maganin a tafin hannunta a buɗe, yadda Baba ya riƙe reza.

Na karɓa. Na naɗe shi a hankicin Ƙawa, na sa a kwando, na ja igiyar sau biyu. Na tsaya ina jin gogarsa a bango har ya kai.

Da ya dawo na zauna na ja sabon layi a tsakiyar shafi, daga sama har ƙasa, da abin ja-layi, don kada gefe ya fi gefe. A dama na rubuta Hajiya, biyu. A hagu na rubuta Ƙawa, biyu. Na san ƙarshen wannan lissafi, domin na taɓa yin sa. Abin da kawai ya bambanta shi ne wannan karon, in likita ta tambaye ni, littafin zai faɗi gaskiya.